Gudan Jini a Dangi: Ku Tambayi Manya Tun Suna Nan

Ƙannena maza da mata, mu mutane ne masu riƙe asali. Yaro ɗan shekara goma sha biyar zai lissafo maka kakanninsa, ya gaya maka garin da suka baro, da gonar da aka gada, da wanda ya auri wance har zumunci ya haɗu. Amma tambaye shi abin da ya yi ajalin kakarsa, sai ka ji ya ce gajeriyar rashin lafiya ce, ko wajen haihuwa ta tafi, ko kuma faɗuwa kawai ta yi. Ba laifinsa ba ne. Muna kai mamaci makwancinsa a ranar da ya cika, ba a buɗe gawa a duba, takardar shaidar mutuwa ba kowa ke nemanta ba, sannan ga kunya da ke hana yaro yi wa babba irin wannan tambaya. Shi ya sa labarin cututtukan gidanku ba ya rubuce a ko'ina. Yana bakin gwaggo da inna da kaka, ranar da suka tafi kuma ya tafi tare da su.

Cututtukan da wannan labari ke da amfani a kansu suna da yawa. Yau a kan guda ɗaya nake son mu tsaya, domin ba a cika maganarta a cikinmu ba, kuma tana iya ɗauke matashi mai jini a jika: daskarewar jini a cikin jijiya.

Jini yana da hanyar fita daga zuciya, yana da hanyar komawa. Fitar, da ƙarfin bugun zuciya ake yin ta. Komawar kuwa, musamman daga ƙafa, hawa ce, kuma tana bukatar taimako. Tsokar sha-raɓa ce ke bayar da shi. Duk takun da ka yi tana matse manyan jijiyoyin da ke can ciki, jini ya yi sama, wasu 'yan ƙofofi a cikin jijiyar su hana shi gangarowa. In ƙafa ta daɗe ba ta motsa ba, jinin ya kwanta, yana iya daskarewa ya zama guda. Wannan shi likitoci ke kira DVT. Gudan yana iya tsayawa a nan ya kumbura ƙafa. Yana kuma iya ɓallewa ya bi jini, ya ratsa ɓangaren dama na zuciya, ya je ya toshe jijiyar huhu. In ƙarami ne, mutum ya yi ta haki da ciwon ƙirji. In babba ne, mutum yana tsaye zai yanke jiki ya faɗi, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Wannan daban yake da hawan jini, daban yake da shanyewar ɓarin jiki, kada ku haɗa su.

Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, shi ya nuna a tsakiyar ƙarni na 19 cewa gudan da ake tararwa a huhun mamaci daga wani wuri ya taso, galibi daga ƙafa. Har yau da sunansa ake kiran abubuwa uku da ke kawo wannan ciwo: jini ya tsaya, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Ranar haihuwarsa, 13 ga Oktoba, ita aka ware tun 2014 domin wayar da kan duniya a kan ciwon. A abu na uku cikin waɗancan ukun, wato saurin daskarewar jini, nan ne gado ya shigo.

A jikin kowa akwai sinadaran da ke sa jini ya daskare, domin in babu su ƙaramin yanka ma ya isa ya kashe mutum. Akwai kuma waɗanda ke taka musu burki don kada abin ya wuce gona da iri. Dukkansu daga uwa da uba ake gadonsu. A 1965 wani likita a Norwe, Olav Egeberg, ya bi diddigin wani iyali da ciwon ya addaba, ya gano suna da ƙarancin ɗaya daga cikin masu taka burkin, wanda ake kira antithrombin. A farkon shekarun 1980 aka gano ƙarancin wasu biyu, protein C da protein S. Sai a 1994 masu bincike a birnin Leiden na ƙasar Holan suka gano lahanin gadon da ya fi kowanne yawa a Turai, aka sa masa suna Factor V Leiden. Kusan mutum 5 cikin 100 na Turawa suna ɗauke da shi. Bayan shekara biyu, a garin dai, aka ƙara gano wani a sinadarin prothrombin, shi kuma kusan 2 cikin 100.

Na san abin da mai karatu zai ce a nan: to ashe ciwon Turawa ne. Gaskiya ne waɗannan biyun na Leiden da wuya ka same su a jinin mutanen Afirka ta Yamma. Sai dai a Amurka, inda baƙi da fari suke zuwa asibitoci ana ƙirga su, an ga baƙaƙe sun fi farare kamuwa da gudan jini. Ke nan mu ma muna da namu dalilan. Ɗaya daga ciki shi ne wani sinadarin daskarar da jini mai suna factor VIII, wanda yakan yi yawa a jinin masu asali daga Afirka, kuma yawansa yana bin dangi. Wani kuma kun san shi sarai, wato sikila. Mai SS jininsa yana da saurin daskarewa, wannan sananne ne. Mai AS lafiyarsa ƙalau a yawancin al'amura, amma binciken da aka yi a tsakanin baƙaƙen Amurka ya nuna haɗarin gudan jini a huhu ya kai kusan ninki biyu a gare shi. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Takardar gwajin da kuka yi don aure, ashe tana da wani amfani bayan ɗaurin aure.

Ga binciken da na fi son ku riƙe. A 2009 masu bincike na Leiden suka fitar da sakamakon kwatanta marasa lafiya fiye da 1,600 da suka samu gudan jini karon farko da wasu mutane fiye da 2,000 da ba su taɓa samu ba. Tambaya suka yi wa kowa: a cikin iyayenka da 'yan'uwanka na jini akwai wanda ya taɓa yi? Suka tarar wanda ya amsa da e, haɗarinsa ya ninka biyu da ɗoriya. In fiye da mutum ɗaya ne a dangin, ya kusa ninka huɗu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, wannan ƙarin haɗari yana nan har ga waɗanda aka gwada jininsu ba a ga ko ɗaya daga cikin sanannun abubuwan gadon ba.

Ma'anar wannan a wurina a fili take. Amsar da gwaggonku za ta ba ku tana kama abin da gwajin asibiti ba ya kamawa, kuma ba ta cin ko sisi. Gwajin gadon daskarewar jini yana da tsada, ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, kuma wani ɓangarensa abubuwan da suka fi yawa a Turawa yake nema. In ya fito babu komai, bai wanke ka ba matuƙar mahaifiyarka ko yayanka sun yi ciwon. Don haka ban ba ku shawarar ku ruga ku kashe kuɗi a kansa ba. Likitan jini ne zai ce ga wanda ya kamata a gwada, ga kuma lokacin da ya dace. Naku shi ne ku zo masa da labari sahihi.

Kada kuma hankalinku ya tashi fiye da kima. A ƙasashen da ake ƙirgawa, mutum ɗaya zuwa biyu cikin 1,000 ne ke samun wannan ciwo a shekara, kuma yawancinsu tsofaffi ne. A matasa ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Ninki biyu na abu kaɗan, kaɗan ne har yanzu. Mafi yawan masu ɗauke da Factor V Leiden ma har su tsufa ba sa ganin komai. Matsalar tana zuwa ne ranar da gado ya gamu da wani dalili na biyu, domin haɗarin ninkuwa yake yi, ba tarawa ba.

A watan Afrilun 2003 wani ɗan jaridar gidan talabijin na NBC, David Bloom, yana bin sojojin Amurka a yaƙin Iraƙi. Ya yi kwanaki a takure cikin motar yaƙi, ga zafi, ga ƙishirwa. Ƙafa ta fara yi masa ciwo, ya ci gaba da aiki. Wata rana ya faɗi, bai tashi ba. Shekararsa 39. Gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya toshe huhu, kuma sai bayan mutuwarsa aka gano yana ɗauke da Factor V Leiden. Shekara 39 abin yana jikinsa bai taɓa shi ba, sai da zaman wuri ɗaya ya zo ya same shi.

Ƙannena mata, ku na fi ji, domin dalilan na biyu sun fi taruwa a rayuwarku, kuma a shekarun ƙuruciya.

Na farko ƙwayar tazarar haihuwa. Wadda ake sha kullum mai haɗin sinadari biyu, ɗayansu estrogen, tana ninka haɗarin gudan jini kamar sau uku zuwa huɗu. Ga yawancin mata wannan ƙaramin haɗari ne, bai ma kai na ɗaukar ciki ba. Amma ga mai Factor V Leiden an ga ya haura ninki 30. Shi ya sa a Birtaniya ƙa'idar likitoci ta ce in uwa ko uba ko shaƙiƙi ya samu gudan jini kafin shekara 45, a guji ba mace wannan ƙwaya. A wurinmu kuwa sau da yawa a kemis ake saye, ƙawa ce ta faɗi sunanta, ba wanda ya tambayi komai. Ba ina hana ki tazara ba ne. Akwai ashanar hannu, akwai robar mahaifa, akwai ƙwayar da babu estrogen a cikinta, kuma waɗannan ba su da irin wancan haɗari. Ki je asibiti, ki buɗe baki ki ce, "Yayata ta taɓa samun gudan jini a ƙafa tana da shekara talatin." Ma'aikaciyar za ta san wadda za ta zaɓa miki.

Na biyu ciki da jego, kuma nan ne zancen ya fi nauyi. Allah cikin hikimarsa yana sa jinin mai ciki ya ƙara saurin daskarewa domin kada ta zubar da jini ta mutu wajen haihuwa. Wannan kariyar ita ke ninka haɗarin gudan jini sau huɗu zuwa biyar, ga kuma mahaifa ta yi nauyi tana danne jijiyoyin da ke dawo da jini daga ƙafa, musamman ta hagu. Haɗarin yana kai ƙololuwa ne bayan an sauka, a makonni shida na farko. Ku lissafa: kwana arba'in ɗin namu ke nan, kusan daidai. In da tiyata aka ciro jaririn, abin ya ƙaru. A Birtaniya, inda ake bin kowace mutuwar mai jego a gano dalilinta, gudan jini yana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe masu ciki da masu jego kai tsaye. A nan zubar jini da jijjiga sun fi yawa, sun rufe shi, amma yana nan a bayansu.

Kun taɓa jin irin labarin. Wance ta haihu lafiya, an yi suna, an ci an sha, baƙi sun watse. Ta ce ƙafarta ta hagu ta yi nauyi, aka ce gajiyar haihuwa ce, a gasa mata da ruwan zafi, a shafa man zafi a murza. Bayan kwana biyu ta tashi za ta shiga bayi, ta dafa bango, ta ce numfashinta, ta sulale. Aka ce kwana ne ya ƙare. Kwana ne ya ƙare, babu musu, dukkanmu mun yi imani da haka. Amma tana da ƙanne mata uku da za su haihu a bayanta, kuma babu wanda ya gaya musu cewa ƙafa ɗaya ce ta fara kumbura. Neman sanin sababi bai taɓa karo da yarda da ƙaddara ba. Da ya yi karo, da ba mu kai marar lafiya asibiti ba tun farko.

Ban ce kowace mai jego da ta rasu haka wannan ne ya kashe ta ba. A ƙasar Hausa akwai ciwon raunin zuciya na bayan haihuwa, wanda likitocin Zariya da Kano da Sakkwato suka daɗe suna rubutu a kansa, shi ma yana kawo haki da kumburi, sai dai shi ƙafa biyu yake kumburawa. Tantancewa aikin likita ne. Abin da nake roƙo shi ne, ranar da kika je awo na farko, ki faɗi abin da kika sani. In aka auna aka ga haɗarinki ya kai, akwai allurar hefarin da ake yi a ƙarƙashin fata kullum, irin su Clexane, wani lokaci kwana goma bayan haihuwa, wani lokaci makonni shida. Ba ta ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki, ba ta hana shayarwa. Sannan kada jego ya zama kwanciya wuni guda. Ki tashi ki zaga tsakar gida, ki sha ruwa sosai. Ku ma iyaye masu kula da mai jego, hutun da kuke ba ta alheri ne, amma ku bar ta ta taka ƙafarta.

Kun san Serena Williams, gwanar wasan tanis. A 2011 ta samu gudan jini a huhu, ta sha da ƙyar. A watan Satumban 2017 aka yi mata tiyata aka ciro 'yarta. Washegari ta ji numfashinta yana sarƙewa. Ta gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa tana bukatar hoton CT na ƙirji da hefarin, aka zaci maganin ciwon da aka ba ta ne ya ruɗa ta. Ta nace. Aka fara duba ƙafafu ba a ga komai ba, ta sake nacewa, aka yi hoton ƙirji, sai ga ƙananan gudaji a huhunta. Ita da kanta ta ba da labarin daga baya. Ba kuɗinta ne ya fara cetonta a wannan safiya ba, sanin tarihin jikinta ne da rashin jin nauyin faɗa. In mai irin sunanta sai da ta maimaita, ke da ni sai mun ƙara dagewa, cikin ladabi, amma ba tare da ja da baya ba.

Ku kuma samari, naku dalilin ya fi zuwa ta karaya da tafiya. An faɗi a babur, ƙafa ta karye, an kai wa mai ɗori ko an sa siminti a asibiti, mutum ya yi makonni a kan tabarma. Rauni ga jijiya da rashin motsi sun haɗu, biyu cikin ukun Virchow ke nan, in akwai gado ya cika uku. Haka duk wata babbar tiyata, musamman ta ƙugu da gwiwa, da doguwar jinya a gadon asibiti, da ciwon daji, da ƙiba mai yawa. Kaso babba na masu gudan jini a asibiti suke samunsa, ko cikin wata uku bayan sallama. Kafin a shiga da kai ɗakin tiyata, ko da mahaifinka, faɗa wa likita labarin gidanku, ka kuma tambaye shi ko ana bukatar rigakafin daskarewar jini. Wannan tambaya ba rashin kunya ba ce.

Tafiya kuwa, a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman awa huɗu ko fiye, a jirgi ko a mota, yana ninka haɗarin biyu, ko da yake a cikin matafiya kusan 6,000 mutum ɗaya ne abin ke samu. Jirgin alhazai daga Kano zuwa Jidda ya haura awa huɗu. Bas ɗin dare zuwa Legas kuwa ba a magana, ga kaya a ƙarƙashin ƙafa, ga mutum ya ƙi shan ruwa don kada fitsari ya matse shi. Maganin mai sauƙi ne. Duk inda aka tsaya, sauka ka taka, ka yi sallarka a ƙasa. Kana zaune kuma, riƙa ɗaga diddige kana saukewa kamar mai taka keken ɗinki, kowane rabin awa ka yi na ɗan lokaci. Direbobin tirela da masu wuni a gaban kwamfuta, da ku nake.

Yanzu alamomin, ku haddace su. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ɗayar lafiya lau. Sha-raɓa ko cinya tana ciwo kamar an ɗaure tsoka, ta yi ɗumi in ka taɓa. Littattafan Turawa suna cewa fatar tana yin ja, amma a baƙar fata ba lallai ka ga ja ba, sai dai ta ƙara duhu ko ta yi sheƙi. In kana kokwanto, ɗauko tef ɗin tela ka auna kaurin sha-raɓa biyu a daidai wuri ɗaya, kamar faɗin tafin hannu ƙasa da gwiwa. Bambancin da ya wuce santimita 3 yana cikin abin da likitoci ke dubawa, amma ko bai kai ba, in ciwon yana nan, je a duba. Alamomin huhu kuwa: numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ƙirji yana suka in ka ja iska, zuciya tana bugawa da sauri, tari wani lokaci da jini, jiri ko suma. Da yawa sukan ce ulsa ce, ko asma, ko sanyi ya shiga ƙirji. Wannan ba ciwon a bari gari ya waye ba ne.

Abin da na fi tsoro shi ne abin da muke yi wa kumburarriyar ƙafa a gida. Tausa da murza su ne na farko da hannu ke kaiwa, kuma su ne ake hanawa, don gudun kada gudan ya ɓalle. Wasu sai su kira wanzami ya yi ƙaho, a ga baƙin jini ya fito a ce an cire mugun jini, alhali gudan yana can cikin jijiya mai zurfi inda ƙaho ba ya kaiwa. Wasu kuma su ce an taka sammu, a shiga neman karya shi, kwanaki suna tafiya. Ku yi addu'arku, ku kuma ɗauki marar lafiya zuwa inda ake hoton jijiya. Wannan hoton, da ake kira Doppler, da irin na'urar da ake duba mai ciki ake yin sa, ba ya ciwo, ba ya daɗewa, kuma manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da sashen hoto da likitocin jini. In an tabbatar, ana ba da maganin hana jini daskarewa na aƙalla wata uku: hefarin, ko warfarin, ko sababbi irin su rivaroxaban da apixaban. Ana warkewa. Amma waɗannan magunguna suna iya jawo zubar jini, warfarin kuma yana cutar da ɗan tayi, don haka ba na saye a kemis da ka ba ne. Asfirin ma ba ya maye gurbinsu.

Saura yadda za ku yi tambayar, domin na san ba ta da sauƙi. Ku fara da sanin wa ke jininku. A gidajenmu akwai riƙo, akwai wadda kake ce wa Inna alhali ba ita ta haife ka ba, akwai 'yan uba, akwai 'yan'uwan shayarwa. Duk 'yan'uwa ne a zumunci, amma a wannan lissafi jini ake bi. Uwa da uba da wanda kuke ciki ɗaya uba ɗaya, rabin gadon jiki kuka haɗa, su ne kan gaba. Ɗan uba, da kawu, da baffa, da gwaggo, da kakanni, rubu'i ne. In iyayenku auren zumunci suka yi, ku faɗa wa likita wannan ma, domin abu ɗaya yana iya zuwa ta ɓangare biyu.

Kada ka je ka ce, "Gwaggo, akwai mai DVT a gidanmu?" Ba za ta san me kake nufi ba, za ta ce Allah ya kiyaye, zance ya mutu. Zauna kusa da ita bayan la'asar, ka gaishe ta sosai, ka ja hirar mutanen da. Sannan ka ce, "Gwaggo, wai Inna Babba da ta rasu a jego, jini ne ya ɓalle mata?" In ta ce a'a, ka ce, "To jijjiga ta yi?" In ta ce a'a, ka ce, "Ƙafarta ta kumbura? Ɗaya ko biyu? Ta yi haki?" Tsofaffi suna riƙe irin waɗannan abubuwa fiye da yadda kuke zato, domin su suka yi jinyar, su suka yi wankan. Ka tambayi shekarun mamacin a lokacin, ko da ƙiyasi ne, ta haihu nawa, kafin wace yunwa ko bayan wane sarki. Ka tambaya ko abin ya biyo bayan karaya, ko tiyata, ko tafiya, ko kuwa haka kawai ya zo. Wanda ya zo haka kawai, ga mai ƙananan shekaru, ko ya maimaita, shi ya fi nuna gado. Ga masu rai kuma ka tambaya ko an taɓa ba wani maganin tsinka jini, ko allurar da ake yi a fatar ciki kullum, ko ƙwayar da sai ana zuwa gwajin jini a kai a kai. Matambayi ba ya ɓata. Abin da ka ji, rubuta shi a ranar, da suna da dangantaka da shekaru, ka ajiye a wayarka, ka tura wa 'yan'uwanka.

Akwai masu ɓoye irin wannan don tsoron kada a ce gidansu gidan ciwo ne, 'ya'yansu mata su rasa manema. Na fahimci tsoron, amma a nan bai da tushe. Wannan ba ya hana aure, ba ya hana haihuwa, ba ya hana aiki ko aikin Hajji. Abin da yake bukata kawai a sani, a faɗa a lokacin da ya dace. Miji da ya san matarsa tana da wannan tarihi shi ne wanda ba zai ce a bari zuwa safe ba in ta ce numfashinta da tsakar dare.

Kai kuma, ko ke, da aka taɓa yi wa maganin gudan jini kuka warke, akwai haƙƙi a kanku. Kada ku bar shi a matsayin tsohuwar rashin lafiya da ta wuce. Ku kira yayyenku da ƙannenku ku gaya musu sunan ciwon, da shekarunku a lokacin, da abin da ya jawo shi, ku ba su hoton takardar asibiti in tana nan. Ku fara da ƙanwar da ke da ciki yanzu.